Babban Rim a Tsohuwar Motar Gudu, da Abin da Hanyar Ƙauye Ke Buƙata

Tsofaffin motocin da aka ƙera don gudu sun fara samun masoya a garuruwanmu. Matashi zai samu Mercedes 190, ko BMW ta shekarun 1980, ko Golf GTI da ta daɗe a jingine a ƙofar gidan kawunsa, ya ja ta zuwa gareji a tashi injin, a yi mata fenti. Abin da ke biyo baya kusan kullum ɗaya ne: a kwance ƙananan rim ɗin da ta zo da su, a nufi Ƙofar Ruwa a nemo masu inci 17 masu ƙyalli. A can tasha kuma akwai direban Golf ko a-kori-kura mai jigilar kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi ma yana son a ƙara wa motarsa girman ƙafa. Sai dai buƙatun nan biyu hannun riga suke. Matashin yana son ƙarfe ya ƙaru, roba ta ragu, don motar ta yi kyau a ido. Direban yana son taya mai tsayi, don cikin motar ya daina gugar ƙasa. Kowannensu akwai abin da zai samu, akwai kuma abin da zai biya, kuma mafi yawan masu yin wannan canji ba a faɗa musu farashin kafin su biya.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, a hanyoyin Jigawa da ƙauyukan Kano roba ta fi ƙarfe amfani, kuma tsohuwar mota ta fi sabuwa buƙatar robar nan. Amma sai an bi lissafin kafin a ga dalili.

A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 175/70 R13. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 175. Ta biyu tana nufin tsayin gefen tayar kashi 70 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 122 da rabi. Ta ƙarshe girman rim ne, inci 13, wanda ya yi daidai da milimita 330. Idan ka haɗa rim da gefen taya na sama da na ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kama milimita 575. Da wannan taya Golf GTI ta farko ta fito a 1976, kuma a kan wannan tsayin injiniyoyi suka auna giya, birki, agogon gudu da faɗin madigadi. Yanzu ɗauki taya 195/50 R15. Rim ya ƙaru da inci biyu, amma gefen taya ya sauko zuwa milimita 97 da rabi, jimilla ta tashi 576. Tsayi bai canja ba. Wannan shi ne canjin da masana ke yarda da shi, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada bambancin tsayi ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Idan kuwa aka tsallaka zuwa 205/40 R17, tsayin ya kai kusan 596, ya haye ƙa'idar, gefen tayar kuma ya rage milimita 82 kacal. Kashi ɗaya cikin uku na robar da ke tsakanin rim da ƙasa ya tafi.

Robar nan da ta tafi ba ado ba ce. A tsohuwar mota gefen taya wani ɓangare ne na abin da ke shanye gargada, tare da sifirin da shokazoba. Jaguar E-Type ta 1961 ta zo da rim mai inci 15 da siririyar taya mai dogon gefe. Porsche 911 ta farko, wadda duk duniya ta san ta da gudu, tayarta faɗin milimita 165 ce, ba ta kai ta Corolla ta yau ba. Mercedes SL da aka fara ƙerawa a 1971 ta shafe shekaru fiye da goma a kan inci 14. Waɗanda suka zana waɗannan motoci sun san tayar za ta lanƙwashe, ta shanye ƙananan duka, don haka suka auna sauran kayan ƙasan a kan haka. Taya mai gajeren gefe ba ta bazu ba sai tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kamfanin Pirelli na Italiya ya fito da tayarsa mai suna P7. Babban dalilin ƙara girman rim a motocin tsere kuwa shi ne a samu wurin da babban faifan birki zai shiga. Wanda ya sa inci 17 a kan ƙaramin birkin da motar ta zo da shi ya ɗauki nauyin abin, ya bar amfaninsa.

Masu tseren kansu shaida ne. Motocin Formula 1 sun yi ta gudu a kan rim mai inci 13 har ƙarshen 2021, sai a 2022 suka koma 18. A gasar tseren daji ta duniya, mota ɗaya tana sa inci 18 idan za a yi a kan kwalta, amma ranar da za a shiga burji da tsakuwa sai a mayar da ita inci 15 da taya mai kauri. Peugeot 504 da muka sani, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975, ta lashe tseren Safari na Kenya a wannan shekarar, samfurinta mai ƙofa biyu da injin V6 kuma ya sake lashewa a 1978. Ba da siririyar roba ta yi wannan suna ba. Doguwar tafiyar sifirin da taya mai cika su ne sirrinta, kuma su ne suka sa ta daɗe tana kai amarya da buhunan gero ƙauyukan da wasu motocin ba sa shiga.

To me ke faruwa idan rim mai inci 17 ya faɗa rami a tsakanin Gumel da Haɗejia da gudun kilomita 80? Bakin ramin yana matse tayar har sai ta haɗu da leɓen rim. Idan gefen yana da tsayi, iska da roba za su tare dukan. Idan gajere ne, zaren da ke cikin tayar zai tsinke, bayan kwana biyu ka ga ƙulli ya fito a gefe, kuma tayar da ta yi ƙulli ta gama aiki, ba ta da faci. Rim ɗin ma yana ji. Na ƙarfe lanƙwashewa yake yi, mai faci ya ɗauki guduma ya miƙar da shi ka ƙarasa gida. Na alminiyam tsagewa yake yi, iska ta riƙa zurarewa, walda kuma ba ta mayar masa da ƙarfinsa na asali. Dukan da tayar ta kasa shanyewa ba ɓacewa yake ba, wucewa yake zuwa boljon, tayarod, robobin ƙasa da jikin motar da ya riga ya shekara talatin ko arba'in yana shan rana da tsatsa.

Akwai kuma maganar nauyi, wadda ba a cika yi ba. Babban rim, musamman masu araha da suka cika kasuwa, yakan fi na asali nauyi, kuma nauyin yana wurin da ya fi cutarwa. Duk abin da ke ƙasan sifirin, shi ne ke tsalle idan an taka gargada, aikin shokazoba kuma shi ne ya danne shi ya koma ƙasa da sauri. Ƙafa mai nauyi tana daɗewa a sama kafin ta dawo, kuma a wannan ɗan lokacin ba birki, ba sitiyari. A hanyar burji mai tsini-tsini irin wadda damina ke bari, za ka ji bayan motar yana rawa yana neman kwacewa. Ban da haka, inji sai ya ƙara wahala kafin ya juya ƙafar, tunda nauyin ya koma can bakin da'ira. Mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada wannan a 2010 da Golf guda ɗaya, tana canja mata ƙafa daga inci 15 har zuwa 19, sai motar ta rage kuzarin tashi, nisan da take yi da lita ɗaya kuma ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai zirga-zirga tsakanin Ringim da Kano.

Mutane da yawa sun ɗauka faffaɗar taya ta fi taka ƙasa da yawa. Gaskiyar ita ce girman wurin da taya ke takawa ya fi dogara ga nauyin mota da yawan iskar da ke ciki. Abin da faɗi ke canjawa shi ne siffar wurin: ya koma gajere mai faɗi a maimakon dogo siriri. A busasshiyar kwalta mai laushi wannan yana ƙara riƙo a kwana, ba musu. A cikin ruwan sama kuwa faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwa ta rabu da kwalta. A taɓon fadamar Auyo ko Guri siririya ta fi nutsa ta kamo ƙasa mai tauri. A rairayin arewacin Jigawa, dabarar da direbobi suka sani ita ce rage iska don tayar ta shimfiɗe, a ƙara idan an hau kwalta. Taya mai gefen milimita 82 ba ta da abin da za ta shimfiɗa. Kana rage mata iska rim ya sauka a kanta.

Riƙon da aka ƙara a kwaltar ma yana da nasa sharrin ga motar da ba a gina don shi ba. Tsofaffin motoci suna kwanciya sosai a kwana, ƙafarsu tana karkacewa. Siririyar taya mai zagayayyen kafaɗa ba ta damu da wannan ba, tana bi a hankali, kuma idan za ta zame tana yi wa direba gargaɗi tun da wuri. Faffaɗa mai shimfiɗaɗɗen ƙasa idan ta karkace sai gefe ɗaya ya ɗaga, ta riƙe, ta riƙe, sannan ta saki gaba ɗaya ba sallama. A motar da ke ja da baya kamar BMW ko Mercedes, ba ta da na'urar da ke gyara wa direba kuskure, wannan sakin shi ne juyawa a tsakiyar titi. Sitiyari ma yana yin tauri, musamman wanda ba shi da fawa, kuma motar takan riƙa bin duk wani kwari da manyan motoci suka haƙa a kwalta.

Duk wannan idan rim ɗin ya dace da motar ke nan. Inda hatsarin ya fi muni shi ne wajen zaman rim a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaura ƙafar a jikinsa, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya.

Abu na farko ramukan noti. Ba yawansu kaɗai ake dubawa ba, har da faɗin da'irar da suka zauna a kai. Golf 2 da yawancin Golf 3 ramuka huɗu ne a da'irar milimita 100. Peugeot 406 huɗu ne a 108. 504 huɗu ne a 140, shi ya sa rim ɗinta ba ya shiga kusan kowace mota. Mercedes biyar ne a 112, Camry da Accord na baya-bayan nan biyar ne a 114.3. Dubi 112 da 114.3 ɗin nan: bambancin bai kai milimita biyu da rabi ba. Rim ɗin zai yi kamar ya shiga, notin zai ɗauru idan aka matsa, amma kowane ɗaya a karkace yake, yana ɗauke da lanƙwasar da ba a yi shi don ita ba. Za ka ji yaron gareji yana cewa, “Maigida, ai ɗan gyara kaɗan ne, a kai wa mai walda ya buɗa ramin.” Amsar da ta dace daga tsohon bakanike ita ce, “Yaro, mayar musu da kayansu.” Rim ɗin da aka buɗa wa rami ba ya sake zama a tsakiya, kuma ƙafar da ta fice a guje ba mai motar kaɗai take kashewa ba, har mai babur da yaran da ke bakin hanya.

Ramin tsakiya ma haka. Na Volkswagen milimita 57.1 ne, na Mercedes 66.6. Idan ramin rim ya fi hob faɗi, ana sa zobe ya cike gurbin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa karkarwa komai balansin da aka yi. Sannan mazaunin noti: na asalin Mercedes da Volkswagen zagayayye ne kamar rabin ƙwallo, na yawancin rim ɗin kasuwa kuwa mai tsini ne. Idan aka haɗa wannan da wancan, notin a kan ɗan siririn layi yake zama, ya kwance da kansa a hanya. Idan ya yi gajere bai kama zare sosai ba, idan ya yi tsayi ya shiga ya taɓa kayan birkin baya.

Abu na uku shi ne wanda kusan ba wanda ke tambaya a kasuwa. A bayan rim akwai haruffa ET da lamba, misali ET45 ko ET38 a na tsohuwar Golf. Lambar tana nuna nisan fuskar da ke manne da hob daga tsakiyar faɗin rim. Idan lambar ta ragu, ƙafar tana fitowa waje. Idan ta ƙaru tana shigewa ciki ta gogi shokazoba. Samari sun fi son ta fito waje, don motar ta yi kamar ta buɗe ƙafa ta tsaya da ƙarfi. Amma ka ɗauki bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙa hannu ka riƙe shi nesa: ruwan bai ƙaru ba, kafaɗarka ce za ta faɗa maka bambanci. Haka boris yake ji idan aka tura ƙafa waje da milimita 20 ko 25. Wanda ya kamata ya shekara biyar sai ya fara kuka kafin damina ta zagayo, mai motar ya yi ta zargin cewa jabu aka sayar masa.

A Golf abin ya wuce boris. Tun daga Audi 80 ta 1972, kamfanin Volkswagen, mai Audi da Golf, ya tsara ƙafar gaba ta yadda idan taya ɗaya ta fi ɗaya riƙo lokacin birki, motar da kanta za ta nemi miƙewa a maimakon ta ja gefe. Wannan tsarin ya dogara ne ga ƴan milimitoci na wurin da tayar ke taka ƙasa. Ka tuna yadda muke tuƙi: tirela ta taho ta cinye hanya, ka sauka da ƙafa biyu kan rairayin gefe, biyu suna kan kwalta, ka taka birki. A daidai wannan lokacin ne tsarin ke ceton rai, kuma shi ne ake rushewa idan aka sa rim mai ƙaramin ET ko aka cusa faranti a bayansa don ya fito.

Direban kasuwa fa, mai son tsayi? Buƙatarsa ta fi ta matashin hujja, domin kwanon baƙin mai da salansa suna shan duka a hanyar gona. Amma ya sani cewa rabin ƙarin tsayin taya kawai yake samu a ƙasan mota. Daga 175/70 R13 zuwa 185/70 R14 tsayin ƙafa ya ƙaru da kusan milimita 40, motar ta ɗagu da santimita biyu, an kuma biya da kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙarfin ja da na birki. Da lodi a hawan tudu kulochi ne zai biya bashin. Agogon gudu zai nuna 100 alhali motar tana kusan 107, kuma iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta sa wa ƙananan motoci a manyan hanyoyin da ba tagwaye ba 80 ce. Idan an cika mota da mutane da buhuna ta zauna, doguwar tayar tana cin leɓen madigadi, leɓen kuma yana yanka ta. Matsakaicin mataki kamar 165/80 R13 a kan rim ɗin asali yana ba da santimita ɗaya da ƙarin roba, ba tare da an taɓa noti ko ET ba, ko da yake shi ma ya ɗan haye ƙa'idar kashi 3. Sau da yawa ma motar ba gajarta ta yi ba, sifirin ne ya gaji ya zauna, kuma sabon sifirin zai dawo da tsayin da ake nema a wajen taya.

Bayan lambobin girma akwai wata lamba da harafi, kamar 82T. Lamba 82 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 475, 88 kilo 560, 91 kilo 615. T kuma gudun kilomita 190 ne, H 210, V 240. Wasu tayoyin masu gajeren gefe suna zuwa da 80, wato kilo 450, ƙasa da wadda aka cire. Ga motar da ke ɗaukar abin da muka san ana ɗora mata ranar Juma'ar Wudil, wannan lambar ta fi girman rim muhimmanci nesa ba kusa ba.

Nan ne aljihu ke shigowa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, tayar ƙaramar mota daga waje take zuwa. Sabuwar inci 17 tana da tsada, don haka wanda ya ƙarar da kuɗinsa a rim sai ya koma ga Beljiyam. Ya duba lambobi huɗun da ke ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya: 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Michelin da kansa yana cewa kada taya ta wuce shekara goma ko da zanenta bai sude ba, a ƙasashen da ba su san zafin Afrilu na sama da digiri 40 ba. Ya kuma duba hoton tsauni mai alamar ƙanƙara a ciki. Wannan tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi, kwaltar Kazaure da tsakar rana cinye ta take yi. Sabuwar taya mai inci 13 ko 14 ta fi tsohuwar inci 17 tsaro ta kowace fuska, kuma ita za ka samu a wajen mai facin ƙauye idan tsautsayi ya faɗa da dare. Ba kowane mai faci ke da injin cire taya ba. Da ƙarfe yake ɓanɓarowa, gajeren gefe mai tauri kuma ba ya fita ta haka sai an ji wa rim rauni. Safaya ma a tuna da ita, don idan tsayinta ya bambanta da na ƴar'uwarta a ƙafafun da ke jan mota, giyar da ke raba musu juyi ce ke wahala.

Ba cewa nake kada a taɓa komai ba. Ƙarin inci ɗaya, ko biyu ga motar da ba ta barin kwalta, da rim mara nauyi, ramuka daidai, ET kusa da na asali, tsayin ƙafa bai kauce ba, yana iya sa tsohuwar GTI ko 190 ta ƙara jin sitiyari, kuma wani lokacin girman asali ne ya yi wuyar samu a kasuwa. Amma a fara da shokazoba, robobin ƙasa, boljon da birki, domin sabuwar ƙafa a kan gajiyayyun kayan ƙasa tona asirinsu kawai take yi. Idan an ɗaura, a cika motar da mutane, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a bi ta kan gargada a saurara ko akwai guga. A yi alaimen. A ɗaure noti da sifana mai awo, kusan 110 a ma'aunin Nm ga Golf da tsohuwar Mercedes, ba yaro ya hau kan bututu yana tsalle ba, a sake duba su bayan kilomita 50. Idan sai an yanke madigadi ko an buge shi da guduma kafin tayar ta shiga, to ba tayar motar ba ce. Rim ɗin asali kuma a wanke su a ajiye a ɗaki, kada a sayar wa ƴan gwangwan, domin masu neman irin waɗannan motoci sun fi biyan kuɗi a kan wadda ba a taɓa ba, kuma samun saiti huɗu na asalin 504 ko 190 yana ƙara wuya kowace shekara.